Ido Ba Mudu Ba: Yadda Na Haɗa Wa Murjani Fitila a Samaru

Kafin na shiga harkar kiwon murjani, iyakar murjanin da na sani shi ne wanda ke cikin adudun Hajiya, jajayen duwatsun nan da take ɗaurawa a wuya ranar biki, waɗanda ta ce ita ma gadonsu ta yi daga mahaifiyarta. Irin wannan jan murjani daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa ƙasar Hausa, kuma sunan ma daga Larabci muka aro, domin duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kan ayar lu'ulu'u da murjani a cikin Suratur Rahman. Sai da na girma na gane cewa abin da muke kira dutse ƙashin wata dabba ce ta teku, kuma tana da dangi masu yawa waɗanda ake iya kiwonsu da ransu a cikin akwatin gilashi, muddin an ba su ruwan gishiri mai tsabta da haske irin wanda suka saba da shi.

Kiwon murjani a Zariya abu ne da mutum zai yi ta ba da haƙuri a kansa, domin tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomita ne, kuma ko an isa Legas ɗin ma ba a samun tsaunukan murjani a gaɓar Nijeriya, saboda laka da ruwan daɗi da Kogin Kwara da sauran koguna ke kwararawa ba sa barin su su kafu. Wanda ya je aikin Hajji ya leƙa Bahar Maliya ta wajen Jidda ya fi kusa da ganinsu a gidansu. Ni dai wani abokina da ke kiwonsu a Legas ne ya aiko mini da 'yan gutsattsari a cikin fulas, na zuba su a akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, wanda ke cin ruwa lita 54 idan an cika shi fal. Ruwan haɗa shi nake yi da gishirin da ake sarrafawa musamman don wannan aiki, giram 35 a kowane kilo na ruwan gishirin, daidai da na teku. Abin da ke ciki murjani ne mai laushi, wanda ba ya yawan tsirfa: Discosoma masu kama da 'yan faifai, da Zoanthus masu fitowa a cunkushe kamar furanni, sai kifaye biyu ƙanana masu ruwan lemo da farin ratsi.

Abin da ya sa fitila ta zama babbar magana shi ne, ga waɗannan halittu haske abinci ne. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, 'yan gidan Symbiodiniaceae, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganyen dawa ke yi, su ci, su kuma miƙa wa mai masaukinsu kaso mafi tsoka. Murjanin yana ba su mafaka da takin da suke bukata, su kuma suna ɗauke masa mafi yawan cefanensa. Idan zaman ya ɓaci, ko don zafin ruwa ko don haske ya yi yawa, sai murjanin ya kori baƙin nasa, launinsa ya koɗe ya koma fari, kuma idan abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Wannan koɗewa ce ta auka wa tekunan duniya a 1998, ta sake dawowa a 2010, sannan daga 2014 zuwa 2017. Wani abin mamaki shi ne jan murjanin Hajiya ba ya cikin wannan yarjejeniya ko kaɗan, domin shi a cikin koguna da lungunan duwatsu masu duhu yake zaune, yana kamun abincinsa daga ruwa.

Ba kowane haske ne kuma ke isa inda murjani yake ba. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya: ja ne ke fara ƙarewa, kafin a yi nitson mita 10 ya kusan ɓacewa, sai ruwan lemo da rawaya su bi shi, shuɗi kuwa yana ratsawa har ya wuce mita 100 a ruwa mai garau. Saboda haka ƙwayoyin da ke jikin murjani sun fi iya cin moriyar shuɗi, musamman wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 420 da 470 (da wannan ma'auni ake bambance launukan haske). Kwan fitilar da muke sakawa a ɗaki, mai haske fari ko mai ɗan rawaya, don idon ɗan Adam aka yi shi, kuma idan aka ɗora shi a kan akwatin murjani abin da ya fi samun riba shi ne koren gansakuka mai kama da gashi, wanda ke lulluɓe duwatsu.

Akwai fitilun da kamfanoni ke ƙerawa don wannan aiki, masu kyau ƙwarai, amma dalilai biyu suka hana ni sayensu. Na farko kuɗi, domin da dala ake lissafinsu, ga kuɗin kawowa. Na biyu kuwa, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne wuta. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san ba a yi wa wutar gari alkawari, alhali murjani yana son rana ta fito masa a kan lokaci ta kuma faɗi a kan lokaci, kullum. A gidana akwai sola mai batir biyu da aka haɗa suka ba da bolt 24, kuma na ga asara ce a ɗauki wutar batir a kai ta inbata ta zama bolt 230, sannan a sake sauko da ita ƙasa don a kunna fitila, kowane mataki yana cin rabonsa. Idan na haɗa fitilar da kaina, kai tsaye zan ja ta daga batir. A da, masu kiwon murjani da manyan fitilu masu cin wat 150 ko 250 suke aiki, waɗanda ke dafa ruwa kamar an ɗora shi a murhu, kuma da su kaɗai ake da su har yau, da babu wanda zai yi tunanin wannan kiwo a Zariya cikin watan Afrilu. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne shuɗin LED, wato 'yan ƙwayayen fitilar nan na zamani masu cin wuta kaɗan. Jan LED ya samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak a Amurka, amma shuɗi mai ƙarfi ya gagari masana har zuwa 1993, lokacin da Shuji Nakamura ya fito da shi a kamfanin Nichia na Japan, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel a 2014.

Na tsayar da shawara a kan ƙwayayen LED 12, irin waɗanda ake kira masu wat 3, kowace a manne a kan ɗan farantin alminiyam mai siffar tauraro wanda faɗinsa milimita 20 ne. Shida daga cikinsu shuɗi ne mai duhu, irin na rinin baba, mai nanomita 450, kuma su ne ƙashin bayan aikin. Huɗu farare ne masu sanyin launi, na kelbin 6500 a ma'aunin launin farin haske, biyu kuma shunayya masu nanomita 420. Fararen ma idan aka bi diddigi shuɗi ne a ciki, an dai shafa masa wani rawayan sinadari a sama wanda ke juya wani ɓangare na hasken, idan suka gauraya ido ya ga fari. Amfanin fararen shi ne mutum ya ga launin kifi da na dutse yadda Allah ya yi su, domin da shuɗi zalla komai komawa yake yi kamar an tsoma shi a marina. Shunayya kuwa su ke fito da ƙyallin kore da na lemo da ke jikin murjani.

A nan ne wanda bai saba ba ke yin kuskuren farko, kuma da ban yi tambaya ba da na yi shi. LED ba kamar kwan tocila ba ce da za a jona wa batir a tafi. Abin da take bukata shi ne a ƙayyade yawan wutar da ke ratsa ta, ba ƙarfin turin wutar kaɗai ba. Dalili kuwa shi ne idan ta ɗauki zafi, turin da take bukata yana raguwa, sai ta ƙara zuƙar wuta, ta ƙara zafi, ta sake ƙara zuƙa, har ta ƙone kanta. Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da masu sana'ar ke kira direba, wadda aikinta shi ne ta riƙe kwararar wutar a ma'auni ɗaya ko batir ya cika ko ya yi ƙasa. Na sayi guda biyu ƙirar Mean Well LDD-700L, kowace tana ba da miliamfiya 700, tana kuma karɓar wuta daga bolt 9 har zuwa 36. Wannan faɗin ya yi mini daidai, domin batirina yakan haura bolt 28 da tsakar rana idan sola na cajinsa, ya sauko wajen 24 da dare. Lissafin da ya rage mai sauƙi ne. Ana jera ƙwayayen ne kamar 'ya'yan carbi, ƙafar wannan a kan wancan, sai a tara turin da kowace ke ci. Shuɗi shida, kowace bolt 3.2 ko kusa da haka, sun tashi bolt 19 da 'yan kai. Direban yana son a bar masa rarar bolt uku zuwa huɗu, saboda haka shida ne iyakar abin da layi ɗaya zai ɗauka a kan batirina, na bakwai zai sa hasken ya riƙa dusashewa da dare idan batir ya yi ƙasa. Layi na biyu, farare huɗu da shunayya biyu, shi ma wajen bolt 19 ya tashi. Jimilla, idan an buɗe duka, abin bai wuce wat 27 ba, wato kowace ƙwaya wat biyu da ɗan ɗoriya take ci, ba ukun da ke jikin sunanta ba.

Ƙwayayen da direbobin ta intanet na yi odarsu, amma sauran kayan duk a Sabon Gari na haɗa. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne abin da zai zuƙe zafi. Mutane suna ɗauka LED ba ta zafi saboda haskenta ba ya ƙuna, alhali rabin wutar da take ci, ko fiye, zafi yake zama, kuma ta bayanta yake fita, daga wani wuri da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Idan ba a ba shi hanya ba, haske ya ragu, rai ya gajarta. Na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya wanda mahaifina ma shi yake kai wa gyara, na yi masa bayani, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, duk wannan ɗawainiya don dutse ya ga haske?" Na ce, "Baba, ai dutsen da ransa." Ya ce, "Ikon Allah," ya shiga ƙuryar shago ya fito da wata matacciyar amfilifaya irin ta masallaci, ya kwance mata farantin alminiyam mai haƙora kamar matsefi, tsawonsa ya kusan kamu biyu. Da na tambayi kuɗi sai ya ce in bari sai ya ga dutsen tukuna. Shi ne kuma ya ce kada in kuskura in manna ƙwayayen da gam ɗin da ake liƙe takalmi, in nemi farin man nan da ake shafa wa kwamfuta a ƙarƙashin fanka, in shafa kaɗan kamar ana shafa wa jariri kwalli, sannan in ɗaure da ƙananan sukurori.

Liƙin dalma ya ci mini yammaci biyu. Darasin da na koya da gumi shi ne a fara narka dalma a kan wuraren liƙin tun tauraron yana kan katako, domin da zarar an ɗaure shi a kan farantin, alminiyam ɗin zai riƙa shanye zafin ƙarfen liƙin, dalma ta ƙi narkewa, ta dunƙule kamar kashin awaki, liƙin ya fito a gaggauce. Kafin in ɗaura kowace ƙwaya sai na gwada ta da batiran tocila biyu na ɗan lokaci, don in tabbatar tana kamawa kuma alamar ƙari da ta ragi da ke jikinta ba a juye suke ba. Bayan an gama kuma sai na bi kowane liƙi da mitar gwaji, tsinke ɗaya a kan dalma ɗaya a kan farantin, domin idan silin waya guda ya taɓa alminiyam ko kan sukuru ya hau kan liƙi, wuta za ta bi ta nan. Na sami guda ɗaya da ya yi haka, na saka masa wosha ta roba. Na sa fiyus a kan wayar da ta taso daga batir, kusa da batirin, saboda batirin sola idan waya ta haɗe ba ya jin kira. Akwai kuma ƙa'ida guda da ba a karyawa: ba a jona layin ƙwayaye a kan direban da ke da wuta, sai an kashe an jona sannan a kunna.

Wajen jera su na fara yin abin da hankali ke bayarwa, wato na baza su a tsawon farantin, shuɗi nan fari can. Da na haska a bango sai na ga kowane abu yana da inuwa kala-kala, kamar fitilun gidan biki, kuma a cikin ruwa mai motsi abin zai fi haka muni. Sai na kwance na tara su gungu biyu, shida shida, kowane gungu da shuɗi uku da fari biyu da shunayya ɗaya a matse da juna, don launukan su gauraya tun kafin su taɓa ruwa. Ban sa musu gilashin tattara haske ba, domin zurfin santimita 30 bai kai a bukace shi ba. Wani mai aikin tagogin alminiyam a Samaru ya lanƙwasa mini ƙafafu biyu da suka ɗaga fitilar santimita 20 daga saman ruwa, na sa farantin roba mai garau a ƙasanta don tare feshin gishiri, na kuma ɗora fankar tsohuwar kwamfuta a kan haƙoran.

Daren da na kunna ta, gaskiya gwiwata ta yi sanyi. Na kashe fitilar ɗaki, na buɗe layin shuɗi, sai na ga akwatin ya yi wani dishi-dishi kamar bayan magariba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ce fitilar da aka yi wata guda ana haɗawa? Ai tocilar wayata ta fi ta." Na ji maganar har cikin raina, kuma idona ya goyi bayanta. Saboda haka na murɗe layukan biyu har ƙarshe, na bar su a haka awa 12 kowace rana, ina ma tunanin ko in ƙaro ƙwayaye shida.

Kwana huɗu aka yi Zoanthus suka fara ƙin buɗewa da rana, sai can da yamma su ɗan leƙo. Na ɗora laifin a kan gishiri, na auna, na same shi daidai. Na zargi zafin ruwa, shi ma yana kan digiri 26. Kafin kwana goma Discosoma, waɗanda a da kowanne ya kai faɗin murfin kwalba, suka tsuke suka manne da dutse, jan da ke jikinsu ya koma kamar tsumman da ya sha wanki, biyu ma suka saki dutsen suka gangara wani lungu mai inuwa. Wannan gangarawa ce ta farkar da ni, domin dabbar da ba ta da ido ba ta da ƙafa ta tashi ta gudu daga abin da ni mai ido nake cewa bai isa ba. Na kira abokina na Legas, tambayarsa ta farko ita ce kashi nawa na buɗe fitilar, da na ce duka sai ya yi salati.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan shuɗin haske ko kimar ma bai sani ba. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen nanomita 555, wato kore mai ɗan rawaya, kuma yayin da ake gangarawa wajen shuɗi jinsa yana faɗuwa da sauri. A nanomita 450, inda ƙwayayena shida suke, abin da ido ke ji bai wuce kashi huɗu cikin ɗari na abin da zai ji da hasken kore ne mai ƙarfi ɗaya ba, a 420 kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ma'ana, daidai wurin da murjani ya fi cin haske, nan ne idona ya fi makancewa. Manhajar auna haske da ke cikin waya ma ba ta fitar da ni ba, domin ita ma a kan idon mutum aka gina ma'auninta. Ma'aunin da ya dace shi ne wanda ake kira PAR, wanda ke ƙirga ƙwayoyin hasken da ke sauka tsakanin nanomita 400 da 700 ba tare da ya fifita kore ba. Masu kiwo sukan nemi 50 zuwa 150 don murjani mai laushi irin nawa, masu ƙahonni masu tauri kuwa su ke son 200 zuwa sama. Ga kuma wani abu da ban lissafa ba: gutsattsarin sun yi makonni a ƙarƙashin wata 'yar fitila mai rauni kafin in gama haɗa wannan, ƙwayoyin jikinsu sun saba da duhu, sai na fito da su tsakar rana farat ɗaya. Wannan rashin jin shuɗi da ido ke yi shi ne kuma dalilin da ya sa ba a ƙura wa waɗannan ƙwayaye ido, kuma na hana yara leƙa ƙarƙashin fitilar, domin ƙarfin da ke shiga idon ya fi wanda mutum ke ji.

Na'urar auna PAR ta fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na koma karatun murjanin da kansa. Na sauke shuɗi zuwa kashi 30 cikin ɗari, fari zuwa 15, na rage awannin zuwa takwas, na ƙudura ba zan ƙara fiye da kashi biyar a mako ba. Alamomin a bayyane suke ga wanda ya natsu. Discosoma idan haske ya yi masa kaɗan yakan miƙe ya yi siffar mazurari yana neman sama, idan ya yi yawa ya tsuke ya koɗe, idan ya yi daidai kuwa ya baje ya kwanta a kan dutse kamar gurasa. Zoanthus ma wuyansu ke tsawo idan suna neman haske. Sai da aka yi makonni shida kafin launi ya fara dawowa, kuma ɗaya daga cikin biyun da suka gangara bai tashi ba. A ƙarshe na tsaya a kan shuɗi kashi 55, fari da shunayya kashi 30, wato fitilar da na so in ƙara wa ƙwayaye ko rabin ƙarfinta ba a ci.

Rage haske da ƙara shi ta wata ƙafa ta musamman da ke jikin direban ake yi, wadda ke karɓar umarnin kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ido ya ga kamar hasken ne ya ragu. Na haɗa ta da ƙaramin allon Arduino Nano, wata 'yar kwamfuta mai ba da wannan umarni, da agogon DS3231, mai ɗan batirinsa irin na agogon hannu, wanda ke riƙe lokaci ko an cire wuta. Shuɗi yana fara tasowa da ƙarfe 11 na safe, ya ɗauki awa guda yana hawa, fari ya biyo shi da azahar, ya sauka da magariba, shuɗin kuma ya lallaɓa ya mutu da ƙarfe tara, bayan an dawo daga sallar isha'i an ɗan zauna an kalla. Na zaɓi haka ne don mafi yawan cin wutar ya faɗo lokacin da sola ke aiki. Wani tarko da ke nan shi ne, idan wayar wannan ƙafa ta cire, direban ba ya mutuwa, buɗewa yake yi gaba ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya ana share bayan akwatin, Allah ya sa ina gida. Tun ranar na sa ɗan resisto mai om 10,000 tsakanin ƙafar da layin ragi, yadda idan waya ta sake cirewa duhu za a samu, domin murjani ya fi jure yini guda na duhu a kan yini guda na ƙuna.

Sauran abin da ya rage yanayin garinmu ne, kuma kowane lokaci da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ke cika tsakanin haƙoran farantin har ta yi kamar auduga, fanka tana juyawa amma iska ba ta wucewa, saboda haka duk Asabar sai na bi su da tsohon buroshin haƙori. Gwajina na zafi da hannu ne: idan na iya ɗora tafina a kan farantin na bar shi ba tare da na janye ba, lafiya. Busasshiyar iskar lokacin tana kuma shan ruwan akwatin, gishirin kuwa ba ya tashi, sai a riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri kowace rana. Feshin da ke bushewa a kan farantin roba yana zama farin ɓawo mai tare haske, ina goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ban taɓa barin ya taru ba, don kada in goge wata rana haske ya ƙaru wa murjanin ba shiri. Da bazara, a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, fitilar ba ta ƙara wa ruwan wani abin kirki, amma ɗakin kansa yana ƙarawa, sai na sa wata fankar tana busa saman ruwan, ya yi sanyi ta hanyar da ruwan randa ke yi. Da damina wannan dabara ba ta ci sosai saboda iska ta riga ta jiƙe, sai dai zafin ma ya sauka.

Da zan sake haɗa ta, da na raba shunayya da farare kowanne da direbansa, domin yanzu duk lokacin da na rage fari don gansakuka, shunayyar ma tana raguwa tare da shi, alhali ita nake so ta tsaya. Na riga na sayi direba na uku, yana cikin durowa, ina jiran hutun ƙarshen zango.

Dattijon mai gyaran rediyo ya zo ganin dutsen kamar yadda ya ce, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kuma tarar da Hajiya ta zo wuni. Shi bai kalli murjanin sosai ba, fitilar ya ɗaga ya juya, ya bi liƙin ɗaya bayan ɗaya da farcensa, ya nuna mini guda biyu da ya ce in sake, sannan ya karɓi kuɗin farantinsa. Hajiya kuwa ta daɗe a tsugune gaban gilashin tana kallon Zoanthus, waɗanda suka tashi daga kai tara zuwa 23, ta ciro abin wuyanta ta kara a jikin gilashin, a ƙarƙashin shuɗin hasken jan ya koma kusan baƙi. Ta mayar da shi wuya, ta ce in kunna mata farar fitilar ɗaki ta ga hanya.